Filin Mata: Alhaji Mamman Shata, Ɗan Musawa

 Yau zancenmu a kan marigayi Alhaji Mamman Shata ne, don kuwa 'yan matanmu na makaranta a nan Gaya da Ajingi ba a ko haife su ba sa'ad da ya rasu. Abin da suka sani game da shi, daga talabijin da wayar hannu suka samo shi, kuma yawancinsa labarin aljannu ne da na bakinsa da ake cewa ba ya faɗuwa ƙasa banza.

To, ga abin da aka tabbatar. An haifi Shata a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuma Lariya. Ya yi karatun allo kamar sauran yara, sa'an nan ya shiga tallan goro, daga baya na alewa. Mahaifinsa bai so ya zama mawaƙi ba, domin a lokacin ana ɗaukar waƙa roƙo ne, gidansu kuwa ba gidan roƙo ba ne. Ku lura da wannan, ku iyaye. Yaron da ake wa kallon ya kauce hanya, yana waƙa a dandali da kasuwa, a nan ya koyi yadda ake riƙe hankalin jama'a, shekara da shekaru, kafin sunansa ya fita. Mai shirin da ya tsallake waɗannan shekaru na wahala ya ce aljani ne ya ba shi waƙa dare ɗaya, ya zalunci Shata, ya kuma koya wa 'ya'yanmu cewa ana samun gwaninta ba gumi.

Daga Musawa ya zauna a Bakori, ya zauna a Kano, amma Funtuwa ce ta zama gidansa. Da kalangu da 'yan amshi ya yi wa sarakuna waƙa, da attajirai, da direbobi, da mata, da sojojin da suka tafi yaƙin basasa. Ko kumbon Afolo 11 da Amurka ta aika wata a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

Ban ce a mai da shi waliyyi ba. Ya yi waƙar giya, ya yi zambo mai zafi, ɓoye wannan ma ƙarya ce. Amma mutumin nan ya yi waƙar yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, don me za a cika rabin shiri da kwalba, yabon kuwa a ba shi minti guda? Yana da 'ya'ya da jikoki, su ma suna kallo. Mamaci ba ya tashi ya ƙaryata kowa.

Wadda ke son cikakken tarihinsa ta nemi littafin da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, Shata Ikon Allah, don su sun zauna da shi da iyalinsa sun yi tambaya.

Shata ya rasu ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka kai shi Daura aka binne, garin babban ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Allah ya jiƙansa.