A'isha al-Falatiya, 'yar malam da ta shiga rediyo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. A littafin bana mun zaɓi mu kawo tarihin 'yar uwarmu A'isha Musa Ahmad, wadda duk Sudan ta sani da al-Falatiya. Mun san wani zai ce me ya haɗa 'yan madarasa da mawaƙiya. To ai ita ma a gaban allo ta tashi.

An haife ta a Kasala wajen 1905. Iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka taso da niyyar hajji, sai zama ya kama su a hanya, kamar dai kakanninmu na Mai Wurno da ƙauyukan Jazira. Mahaifinta faki ne mai halwa a Umdurman, a hannunsa ta yi karatun Alƙur'ani. Wanda ya saurari tsohon faifanta zai ji yadda take ba kowane harafi haƙƙinsa, sai ka ce mai tilawa.

Tun tana yarinya ta fara waƙa a gidajen biki. Malam bai so ba ko kaɗan, kuma ba ma ganin laifinsa, don a wancan zamani ana yi wa mace mawaƙiya kallon banza. Ya aurar da ita ko za ta bari. Auren bai daɗe ba, ta koma waƙarta. Daga baya aka kai ta Alƙahira ta yi faya-fayan garmaho, aka dinga sa su a wuraren shan gahawa. Lokacin yaƙin duniya na biyu har sansanin sojojin Sudan ta je ta yi musu waƙa.

Babban abin ya faru ne a 1942, sa'ad da ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Umdurman. Ba ita kaɗai ta shiga ba. Ƙanwarta Jidawiyya ce ta rungume ud tana kaɗa mata, wato molon nan na Larabawa mai ƙaton ciki da gajeren wuya. Jama'a sun ji daɗi, amma wasu mawaƙa maza suka yi fushi, suka ƙaurace wa gidan rediyon. Daga baya sun sauko, har wasu suka haɗa murya da ita. Mu dai muna ganin an rage wa Jidawiyya haƙƙinta, kullum sai a ambaci yayar a manta da mai kiɗan.

Sai maganar suna. Kowa a nan ya san yadda ake jefa mana kalmar Fallata a kasuwa, wani lokaci don a nuna mu baƙi ne. A'isha ba ta ɓoye ta ba. Da ita ake gabatar da ita a rediyo, ta yi waƙa da Larabci ta yi da Hausa, kuma takan je Najeriya gaida dangi.

Ta rasu a Umdurman ranar 24 ga Fabrairu 1974. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan malam mahaifinta.