María Grever, Mai Waƙar Da Ta Sake Harshe

An haifi María Joaquina de la Portilla a garin León na ƙasar Meziko cikin watan Satumba na shekarar 1885. Mahaifinta mutumin Sifen ne, mahaifiyarta kuwa 'yar ƙasa ce. Tun tana ƙanƙanuwa aka tafi da ita birnin Sabil, wanda malamanmu suka fi sani da Ishbiliya ta Andalus, a can ta fara koyon kiɗa, sa'an nan ta komo Meziko tana budurwa. A 1907 ta auri wani Ba'amurke ma'aikacin kamfanin man fetur mai suna Leo Grever, wanda da sunansa duniya ta san ta. A 1916, lokacin da yaƙin juyin mulki ya hana Meziko sakat, ta ƙaura zuwa Niyok, inda ta zauna har ƙarshen ranta.

Zaman baƙunci ne ya ba ta sana'a. Ga ta a tsakiyar kasuwar faya-fayai da sinima, amma harshen da zuciyarta ke waƙa da shi Sifaniyanci ne. Waƙarta ta farko da ta yi tashe a duniya ita ce Júrame, wadda mawaƙin nan José Mojica ya rera a shekarun 1920. Kamfanonin fim irin su Paramount ma sun riƙa neman kiɗanta. Ta tsara waƙoƙi ɗaruruwa a zamanin da ake ɗaukar wannan aiki na maza ne, har ana lissafa ta mace ta farko daga Meziko da ta yi suna a duniya ta wannan fanni.

Wadda ta fi dacewa ɗalibin waƙa ya tsaya a kanta ita ce ta 1934, mai suna Cuando vuelva a tu lado, watau lokacin da zan komo gare ka. Waƙar bege ce. Masoya sun rabu, ana ɗokin ranar haɗuwa, kuma ana fargabar kada ranar ta zo ta wuce kamar ƙiftawar ido. A cikin shekarar nan wani marubucin waƙoƙi na Niyok, Stanley Adams, ya ɗora mata kalmomin Turanci, ya kira ta What a Diff'rence a Day Made, ƙungiyar makaɗan 'yan'uwan Dorsey kuma ta sa ta a faifai.

Abin da Adams ya yi bai cancanci a kira shi fassara ba. Inda María ke jiran abin da bai zo ba, shi murna yake yi da abin da ya riga ya auku, watau yadda kwana ɗaya tak ya mai da kaɗaici farin ciki. Ya bar ma'ana, ya kama kari. A duba sunayen biyu ma: kowanne gaɓa bakwai ne wajen rerawa, domin a na Sifaniyanci wasula biyu sun narke cikin juna, a na Turanci kuwa sai da aka datse wasali guda daga kalma ta uku kafin ta zauna a gurbinta. Wannan ya saɓa wa hanyar Nana Asma'u, wadda ta juya wasu waƙoƙin mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa don saƙon ya isa ga jama'a. Ya fi kama da abin da ake ji a Bahindi da sauran garuruwan Bagudo da ke daf da iyakar Binin, inda Bahaushe da Badande da Bafillace kan ari muryar waƙar juna, kowa ya zuba mata maganar gidansu. A ƙetaren iyakar ma kiɗan masu jin Sifaniyanci ba baƙo ba ne, don da shi Gnonnas Pedro na Binin ya yi suna.

María ta ci gaba da samun irin wannan sa'a. Ti-Pi-Tin ta mamaye rediyon Amurka a 1938, wata waƙar tata kuma ta shiga fim ɗin Bathing Beauty a 1944. Ta rasu a Niyok ranar 15 ga Disamba, 1951, aka kai gawarta birnin Meziko aka binne.

Ba ta ga babbar ɗaukakar waƙarta ba. Sai a 1959 Dinah Washington, baƙar Ba'amurka mai murya kamar ta zabiya, ta sassauta saurin kiɗan, ta rera shi a tsanake bisa goge, ta kuma sauya kalmar ƙarshe ta sunan daga abin da ya wuce zuwa abin da ke faruwa kullum. Faifan ya shiga cikin goma na farko a Amurka, ya ci mata kyautar Grammy. Abin mamaki, muryar Dinah ta komo da ɗan ɗacin begen nan da kalmomin Adams suka kawar. Esther Phillips ta sāke ta da kiɗan disko a 1975, aka yi ta rawa da ita a Turai da Amurka. Mafi yawan masu rawar sun ɗauka waƙar Dinah ce aka sabunta. Sunan María kuwa yana nan da ƙananan baƙaƙe a tsakiyar faifan, kusa da na Adams.