Mano Dayak da Maganar Rabon Iko a Arewa

An haifi Mano Dayak wajen 1950 a kwarin Tidene, cikin duwatsun Abzin. Ɗan makiyaya ne. Ya yi lakwal a ƙasar Agadas da Yamai, sannan ya ƙetara Amurka da Faransa neman ilimi. Da ya komo gida sai ya buɗe kamfanin Temet, yana kai baƙi yawon Tenere. Ta nan sunansa ya fita.

A zamanin ne Arlit ta tashi. Somair ya fara fitar da uraniyom a 1971, Cominak na Akokan ya biyo baya a 1978. Kuɗin ƙarfen baitulmalin Yamai suke shiga, daga can kuma ake naɗo masu mulkin jaha. Makiyayin da aka haƙa ƙasar kiwonsa ba shi da ta cewa.

Kashe-kashen Cintabaraden na watan Mayu 1990 suka juya rayuwarsa. Ya rubuta littafi da Faransanci a 1992 kan halin da Abzinawa ke ciki, ya kafa ƙungiyar FLT a 1993, ya shugabanci haɗin gwiwar ƴan tawaye, wato CRA. A watan Fabrairu 1994 CRA ta kawo buƙatunta: yankunan arewa su riƙe harkokinsu da kansu, su sami kaso cikin arzikin ƙasarsu. Gwamnati ta ga wannan mulkin tarayya ne, ko ma hanyar raba ƙasa, alhali tsarin mulkin 1992 ƙasa ɗaya ya sani, mai gwamnati ɗaya. Akwai kuma wata matsala: arewa ba ta Abzinawa kaɗai ba ce. Ga Tubawa, ga Larabawa, ga Hausawa. Arlit kuwa babu jahar da ba ta da ɗa a cikinta.

Aka sasanta a tsakiya. Yarjejeniyar Wagadugu ta 9 ga Oktoba 1994 da ta Yamai ta 24 ga Afrilu 1995 suka ajiye tarayya, suka ɗauki sakar wa yankuna iko ta hanyar zaɓaɓɓun majalisu. Risa Ag Bula ne ya sa hannu a ta biyun; Mano bai shiga ba.

Ranar 15 ga Disamba 1995 jirgin da ya ɗauko shi zuwa Yamai don shawarwari ya faɗi a Abzin, ya rasu. Sai a 2004 aka zaɓi majalisun komin, a 2006 doka ta ware wa yankunan ma'adinai kashi 15 cikin 100 na kuɗin haƙar. Filin jirgin Agadas kuma aka sa masa sunansa.