Alfred Büchi: Mutumin da ya mayar da hayaƙin salansa ƙarfin doki

Duk matashin da ke kallon bidiyon tseren motoci a TikTok ko YouTube ya san ƙarar nan. Motoci biyu a kan layi, direba ya taka totur, sai ka ji wani fito siriri kamar na butar shayi, kafin ka ƙifta ido an cinye mita 402. Fiton turbo ke nan. Shi ne dai kake ji a jikin manyan motocin da ke kwasar masara da auduga daga Musawa da Malumfashi zuwa Funtua. Amma kaɗan ne cikinmu suka san wanda ya ƙirƙiro shi, kuma shi ba tsere ne a gabansa ba, tattalin mai ne.

An haifi Alfred Büchi ranar 11 ga Yuli, 1879, a garin Wintatur na ƙasar Suwizalan. Mahaifinsa babba ne a Sulzer, kamfanin ƙera injina, don haka cikin ƙarafa yaron ya tashi. Ya karanci aikin injiniya a babbar makarantar fasaha ta Zurik, ya gama a 1903, sannan ya yi aiki a Beljiyam da Ingila.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne asara. Injinan zamaninsa suna ɓarnatar da kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin man da suka ƙona, ya tafi a matsayin zafi, mai yawa daga ciki ta salansa. Sai ya yi tunani: me zai hana hayaƙin nan ya yi aiki kafin ya fita? Ya zana farfela biyu a kan sanda ɗaya. Hayaƙi zai juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke cusa iska cikin silinda. Iska ta ƙaru, injin ya iya ƙona mai fiye da da, ƙarfi ya ƙaru, alhali girman injin yana nan yadda yake. A 1905, yana ɗan shekara 26, ya yi rajistar wannan fasaha a Jamus.

To, zane daban, ƙarfe daban. Ya shiga Sulzer a 1909 yana bincike a kan injin dizal, ya haɗa samfuri a 1915, abin bai yi ƙarko ba. Ƙarafan lokacin ba sa jure zafin hayaƙi da gudun farfela, riƙe matsin iskar yadda ake so ma aiki ne. Sai a 1925, shekara 20 cif bayan rajista, haƙarsa ta cim ma ruwa. Jiragen ruwan fasinja biyu na Jamus, Preussen da Hansestadt Danzig, aka fara sa wa turbo, ƙarfin kowane inji ya tashi daga doki 1,750 zuwa 2,500, ƙarin sama da kashi 40 cikin ɗari. A 1938 kamfanin Saurer ya sa turbo a injin babbar mota, a shekarar kuma tsohuwar makarantarsa ta ba shi digirin girmamawa.

Büchi ya rasu ranar 27 ga Oktoba, 1959, yana da shekara 80, bai ga ƙaramar mota mai turbo a kasuwa ba. Sai a 1962 Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair suka fito a Amurka. Ita Jetfire sai ana zuba mata haɗin ruwa da sinadarin metanol don sanyaya iskar, masu ita kuma suna mantawa. Shekara biyu kacal ta yi aka daina ƙera ta.

Nan ne fa darasin yake ga 'yan uwana masu sha'awar gyara mota don gudu. Zafi da matsin da suka tsayar da Büchi shekara 20 suna nan a kowane gareji yau. Farfelar turbo tana juyi sama da sau 100,000 a minti ɗaya. Ƙara mata matsi ba wuya, amma iskar da aka matsa zafi take yi, dole a sa mata na'urar sanyaya iska kafin ta shiga inji. Dole a canza nozul da famfon mai, don in iska ta fi mai yawa, fistin ne zai narke. Dole ƙwararre ya sake saita ƙwaƙwalwar motar. Ga fistin masu ƙwari, ga kuloci, ga baƙin mai mai kyau, ga taya, uwa uba birki. Wanda ya tsallake waɗannan ya ce wa bakanike ya ƙara wuta kawai, injinsa zai buga, kuma kuɗin buhunan masarar da aka sayar sun bi hayaƙi.

Sai maganar wurin gudun. A Amurka ma a kan titi samari suka fara, sai a 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA don a mayar da tseren cikin fili mai shinge, da binciken mota, da hular kwano. Mu kuwa titinmu na kowa ne: ga mai babur ɗauke da iyalinsa, ga yara 'yan talla, ga amalanken shanu ana dawowa daga gona. Wasan mota ranar biki a irin wannan hanya ganganci ne da ran mutane.

In har kana son turbo da gaske, koyi yadda yake aiki. Taraktoci da manyan motocin yankinmu suna neman matasan da suka iya gyaran sa, kuma sana'a ce mai ci. Büchi ya ga abin da kowa ke zubarwa ya mayar da shi amfani. Kada mu ɗauki abin amfaninsa mu mayar da shi asara.