Rolf Sievert: Masanin da ya sanya wa haske mai ratsa jiki ma'auni

A shekarun da suka biyo bayan gano hasken eksire a 1895, likitoci da ma'aikatan jinya da dama sun rasa yatsu, wasu ma sun rasa rayukansu. Suna aiki ne da hasken da ido ba ya gani, babu kuma mai iya faɗin adadin da ya shiga jikinsu. Rolf Maximilian Sievert na sahun gaba cikin waɗanda suka kawo ƙarshen wannan lalube.

An haife shi a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin ranar 6 ga Mayu, 1896. Mahaifinsa, Max Sievert, attajiri ne mai masana'antu, ɗan asalin Jamus. Ɗan bai gaji kasuwanci ba, bai kuma zama likita ba. Kimiyyar fiziks ya karanta, sannan ya kai ta Radiumhemmet, cibiyar da ke jinyar masu ciwon daji da sinadarin radiyum, inda ya shugabanci ɗakin binciken fiziks daga 1924 zuwa 1937.

Matsalar da ya tarar mai nauyi ce: idan hasken ya yi kaɗan, ciwon ba ya mutuwa, idan ya yi yawa, lafiyayyen nama ya ƙone. Sai ya ƙera 'yar na'urar awo da ta shahara da sunansa, ya kuma tsara yadda masana za su riƙa zagaya asibitocin ƙasar suna gwada injuna, domin awon wannan asibiti ya yi daidai da na wancan. Daga nan hankalinsa ya koma kan ma'aikata, waɗanda ke shan hasken kaɗan-kaɗan tsawon shekaru. Da ƙoƙarinsa Suwidin ta yi dokar kariya daga wannan haske a 1941.

Yana cikin waɗanda suka kafa kwamitin kariya na duniya a 1928, wanda daga baya ya zama hukumar ICRP. Ya shugabance ta daga 1956 zuwa 1962, ya kuma jagoranci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai nazarin illar hasken nukiliya daga 1958 zuwa 1960. Ya rasu a 1966. A 1979 aka sanya wa ma'aunin illar hasken ga jikin ɗan Adam sunansa.

Babban gadonsa shi ne sana'ar da ya taimaka wajen kafawa: masanin fiziks na asibiti da jami'in kariya, waɗanda ke gwada injin, su lissafa kaurin bango, su kuma duba 'yar na'urar da ma'aikaci ke maƙalawa a riga. Ƙa'idar duniya ta kayyade wa ma'aikaci milisibat 20 a shekara a matsakaici, sauran jama'a kuma milisibat 1. A Najeriya, hukumar NNRA da ke Abuja ce ke sa ido kan irin wannan aiki, kuma duk rahoton awon ma'aikaci da ya isa teburinta, da ma'aunin Sievert ake rubuta shi.