Tom Simpson, Gwanin Tseren Keke Da Ajali Ya Tarar A Kan Dutse

An haifi marigayi Tom Simpson ran 30 ga watan Nuwamba 1937 a ƙauyen Haswell da ke arewacin Ingila. Mahaifinsa ma'aikacin haƙar kwal ne. Tun yana yaro ya shaƙu da hawan keke, har ya sami lambar tagulla tare da abokan tserensa a wasannin Olamfik na Melbourne cikin 1956.

Cikin 1959 ya ƙaura zuwa Faransa, inda tseren keke ya zama sana'ar da ake ci da ita. Bai daɗe ba sunansa ya bazu. Ya ci tseren Flanders a 1961. A 1962 ya zama Bature ɗan Ingila na farko da ya sa rigar nan mai ruwan ɗorawa ta wanda ke gaba a babban tseren Tour de France. A 1965 kuwa ya zama zakaran duniya, yana ƙarƙashin ƙungiyar kamfanin Peugeot.

A wannan sana'a kamfanoni ne ke biyan albashin mahaya, su kuma suna tallata sunan kamfani a rigunansu. Wanda bai yi nasara ba, abincinsa na cikin haɗari. Wannan ne ya sa da yawa suka dogara ga ƙwayoyin ƙara kuzari, ko da yake Faransa ta kafa dokar hana su tun 1965.

Ran 13 ga watan Yuli 1967, a zango na goma sha uku na Tour de France, mahaya suka doshi dutsen Ventoux cikin tsananin zafin rana. Simpson na fama da ciwon ciki, amma ya ƙi sauka, domin yana neman matsayin da zai ba shi kwantiragi mai tsoka. Saura kamar kilomita ɗaya ya kai ƙololuwa sai ya fara tangaɗi, ya faɗi. Aka ɗora shi bisa keken, ya ɗan taɓa tafiya, ya sake faɗuwa. Jirgi mai saukar ungulu ya kai shi asibitin Avignon, amma rai ya yi halinsa. Shekarunsa 29. Binciken likitoci ya nuna akwai ƙwayar amfetamin da barasa a jikinsa.

Mutuwarsa ta sa aka tsananta gwajin mahaya, amma cutar ba ta warke ba. Abin kunyar ƙungiyar Festina ya ɓulla a 1998. Kamfanin T-Mobile ya janye kuɗinsa a 2007, bankin Rabobank ya bi sahu a 2012 bayan tonon asirin Lance Armstrong. Kamfanonin da nasara ta jawo su, ƙwaya ce ta kore su.

An binne Simpson a Harworth, garin da ya girma. An kuma kafa masa dutsen tunawa kusa da inda ya faɗi, inda mahaya kan tsaya su ajiye gorar ruwa ko hula.