Nana Asma'u 'Yar Shehu: Malamar da ta Kai Ilimi Ƙauyuka

An haifi Nana Asma'u, Allah Ya yi mata rahama, a Degel a shekarar 1793. Tana da kimanin shekara 11 jama'ar Shehu ta yi hijira zuwa Gudu, don haka cikin ƙaura da yaƙi ta yi karatunta. Mahaifinta, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya soki malaman da ke tara ɗalibai a zaure alhali matansu da 'ya'yansu mata suna cikin jahilci, kamar yadda ya zo a Nurul Albab. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma auri Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Bello ya tattara tarihin salihan mata da Larabci a Kitabun Nasiha. Wannan aiki ne na masana, matar ƙauye ba ta da hanyar kaiwa gare shi. Asma'u ta mayar da shi waƙa da Fulatanci da Hausa, yadda mai daka da mai kaɗi za ta haddace. Lamarin da nauyi, domin yaƙe-yaƙe sun kawo mata da yawa cikin daular waɗanda bori ne mafakarsu idan ciwo ko baƙin ciki ya zo.

Daga nan tsarin 'Yan Taru ya samo asali. Takan zaɓi dattijuwa amintacciya daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Malfar kuwa an san ta da Innar Gobir, shugabar bori. Asma'u ta bar alamar da mata suka saba girmamawa, ta sauya abin da take nufi. Jaji kan jagoranci tsofaffi da 'yan mata zuwa wurinta, su koyi tsarki da salla da tauhidi da kula da mara lafiya, su koma su karantar da matan aure a gidajensu. A ganina, masu nazarin al'amuran mata a jami'o'inmu sun fi buƙatar duba wannan ɓangare, domin bincike da yawa a mujalla yake ƙarewa.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta a Sakkwato. Ƙanwarta Maryam ce ta ci gaba da riƙe 'Yan Taru.